Juyayyen T3, Ko Yadda Jiki Ke Rage Aiki Idan Guzuri Ya Yi Kaɗan

Duk wanda ya daɗe yana bin titunan Bompai a Kano, ko ya saba da ratsa Sharada da Challawa da sassafe, sa'ad da leburori ke tururuwa zuwa ƙofofin masana'antu wasu a ƙasa wasu a kan kekuna, ya san cewa waɗannan unguwanni sun ga zamani biyu: zamanin da injuna ba su hutawa dare da rana, ana matse man gyaɗa, ana saƙa yadi, ana jeme fatu, ana ƙera kwanuka da robobi, da kuma zamanin da ya biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, inda wutar lantarki ta zama sai an ga dama, man gas ya yi tsada, kayan waje suka cika Kantin Kwari, har ciyawa ta rufe harabar kamfanoni masu yawa. To, amma waɗanda suka tsira daga cikinsu, galibi da dabara guda suka tsira. Manaja mai hankali, idan ya ga man janareta ba zai kai shi ƙarshen wata ba, ba ya rufe ƙofa ya sallami kowa, ba ya kuma ci gaba da gudu kamar babu abin da ya faru. Sai ya mai da shifti uku ya koma ɗaya, ya kashe tukunyar tururin da ba ta zama dole ba, ya bar injin da rayuwar kamfanin ta rataya a kansa yana juyawa a hankali, har Allah ya kawo sauƙi. Jikin ɗan Adam yana da irin wannan tadbiri, kuma alamarsa a cikin jini wani sinadari ne da likitoci ke kira juyayyen T3, wanda ko cikin masu ilimin zamani kaɗan ne suka taɓa jin sunansa.

Malaman ɗibbu na dā, irin su Ibn Sina, sun yi magana mai tsawo a kan abin da suka kira hararatul gariziyya, wato zafin nan na asali da ke cikin kowane mai rai, wanda da shi abinci ke narkewa, zuciya ke bugawa, gaɓoɓi ke motsi. Ba su san ma'ajin linzaminsa ba, amma sun lura da alamunsa. Abul Ƙasim Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya rubuta bayanin kumburin wuya da yadda ake yi masa aiki a littafinsa Attasrif, Isma'il Aljurjani kuma, kimanin shekara ɗari bayansa, ya lura cewa wani nau'in kumburin yana tafiya tare da fitowar idanu da bugun zuciya. Kumburin da suke nufi shi ne maƙoƙo, wanda kakanninmu suka sani sarai. Abin da ke kumbura kuwa wata 'yar tsoka ce mai ɓari biyu da ke kwance a gaban maƙogwaro, ƙasa da zakaran wuya kaɗan, nauyinta a jikin baligi bai cika wuce giram 25 ba, sunanta tayirod, kuma ita ce ke ƙayyade saurin da kowace ƙwayar halitta ta jiki za ta ƙona abincinta.

An daɗe kafin a gano da me take yin wannan hukunci. A 1811 wani Bafaranshe mai suna Bernard Courtois ya samo sinadarin aidin daga tokar ciyawar teku, a 1895 kuma Eugen Baumann a Jamus ya tarar da aidin ɗin a tare cikin tayirod fiye da ko'ina a jiki. Ranar Kirsimeti ta 1914 Edward Kendall, a asibitin Mayo na Amurka, ya ware sinadarin da aka sa wa suna tairoksin, kuma domin mai karatu ya gane ƙanƙantar abin, sai da aka sarrafa wajen tan uku na tayirod ɗin aladu daga mayanka kafin a tara giram 33 kacal. Charles Harington a Landan ya warware siffarsa a 1926, shekara guda bayan haka shi da George Barger suka haɗa shi da hannunsu a ɗakin bincike. Da yake yana ɗauke da zarra huɗu na aidin, sai aka taƙaita sunansa zuwa T4, aka kuma zauna shekara ashirin da biyar ana zaton an gama magana.

Ashe ba a gama ba. A 1952 Rosalind Pitt-Rivers da Jack Gross a Landan, da kuma Jean Roche da abokan aikinsa a Faris, suka gano wani ɗan'uwansa mai zarra uku, T3, wanda ya fi shi ƙarfi ninki uku zuwa huɗu, ya kuma fi shi saurin aiki. 'Yan shekaru bayan haka, cikin shekarun 1950 ɗin dai, mutanen Roche suka sake cin karo da wani mai zarra uku, wanda nauyinsa da kayan haɗinsa daidai suke da na T3 ba ragi ba ƙari, amma idan an ba dabba shi ba ya ɗaga zafin jikinta ko bugun zuciyarta. Aka ajiye shi gefe kamar abin da ba shi da fa'ida. Sai a 1970, da Lewis Braverman da Sidney Ingbar da Kenneth Sterling suka nuna cewa mutanen da ba su da tayirod sam, idan an ba su T4 zalla, ana samun T3 a jininsu, aka fahimci cewa T4 tamkar ɗanyen kaya ne, gaɓoɓin jiki su ke sarrafa shi gwargwadon bukatarsu. A 1974 kuma Inder Chopra a Los Anjalas ya ƙirƙiro hanyar auna juyayyen a cikin jini, daga nan ne aka fara ganin yaushe yake hawa da yaushe yake sauka.

A nan ya kamata mu tsaya mu dubi ginin abin da kyau, domin asirin duka a ginin yake. Tayirod tana ɗaukar wani sinadari mai suna tairosin, ɗaya daga tubalan da ake gina furotin da su, ta liƙa masa aidin, sa'an nan ta haɗa biyu su zama ɗaya. Abin da ke fitowa zobe biyu ne na kabon, kowanne mai kusurwa shida, zarra ɗaya ta iskar oksijin tana riƙe da su a tsakiya. Zoben da ke kusa da jelar sinadarin ana ce masa na ciki, ɗayan kuma na waje, kowannensu yana ɗauke da aidin biyu, huɗu ke nan, kuma aidin ɗin yana da nauyi ƙwarai har ya kai kusan kashi 65 cikin ɗari na nauyin T4 baki ɗaya. Idan aka cire aidin ɗaya daga zoben waje, an sami T3 mai ƙarfi. Idan kuwa daga zoben ciki aka cire, an sami juyayye. Iyakar bambancin ke nan: zarra guda, daga wane ɓari aka ɗauke ta.

Dalilin da ya sa wannan ɗan bambanci ya zama babba shi ne, aidin biyun nan na zoben ciki, saboda girmansu, su ne ke tokare zoben waje su hana shi kwanciya, su tilasta masa tsayawa a gicciye da ɗan'uwansa, kuma wannan tsayuwa ta gicciye ita ce siffar da mazaunin sinadarin, can cikin cibiyar ƙwayar halitta inda ake ajiye umarnin gado, yake karɓa. T3 ya riƙe biyun nan cif, ya kuma sauke ɗaya daga waje, saboda haka yana zama daram a mazauninsa, ya buɗe umarnin da ke sa a ƙona mai, a ƙara zafi, zuciya ta ƙara himma, hanji ya motsa. Juyayye ya rasa ɗaya daga masu tokarar, ya kuma riƙe na wajen duka biyu, sai siffarsa ta saki, har ƙarfin kamunsa ga mazaunin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na T3 ba. Duk T4 ɗin da aka juya ta wannan hanya ya fita daga lissafi ke nan, domin jiki ba shi da hanyar mayar masa da zarrar da aka cire.

Masu yin wannan yanka wasu inzayim ne guda uku, wato furotin masu gaggauta sarrafa sinadarai. Na farko yana hanta da ƙoda, na biyu yana ƙwaƙwalwa da tsoka da wani nau'in kitse mai samar da zafi, su biyun suna cirewa daga waje. Na uku, wanda ya yi yawa a mabiyiya da ƙwaƙwalwa da fata, daga ciki kaɗai yake cirewa, shi ne mai yin juyayye, shi ne kuma mai karya T3 ɗin kansa idan ya yi yawa. Tayirod ɗin mutum lafiyayye tana fitar da maikirogiram 80 zuwa 100 na T4 a yini, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Kimanin sulusinsa yana komawa T3, wani sulusin ko fiye yana komawa juyayye, ko da mutum yana cikin ƙoshin lafiya. Abin da ya sa ba a ganin juyayyen da yawa a jini shi ne hanta tana share shi cikin 'yan sa'o'i, alhali T3 yana kwana guda kafin rabinsa ya ƙare, T4 kuma mako guda. Wajen 1990 zuwa 1991 aka gano cewa a tsakiyar inzayim na farko akwai zarra ta siliniyam, daga baya aka tabbatar haka sauran biyun suke, wato ma'adini biyu ke nan wannan al'amari ya dogara a kansu, aidin da siliniyam, dukansu kuma daga abinci suke zuwa.

To, yaushe jiki ke karkata ga hanyar juyawa? Amsar farko ita ce yunwa. Tsakanin 1974 da 1976 likitoci a Amurka suka auna jinin masu ƙiba da suka yarda su bar abinci kwata-kwata na kwanaki, ruwa kaɗai suke sha, suka tarar T3 ya faɗi da kusan rabi, juyayye kuma ya hau da fiye da rabi, alhali tayirod ɗinsu lafiyarta ƙalau. Da aka mayar musu da abinci komai ya koma mazauninsa cikin 'yan kwanaki. A gwajin da Stephen Spaulding da abokansa suka buga a 1976 an ga wani abu mai ban sha'awa, wato ko da abincin kaɗan ne, muddin akwai giram 50 na nau'in sitaci ko sukari a cikinsa kowace rana, T3 ba ya faɗuwa. A Dakar kuma, a 1975, Yves Ingenbleek ya nuna yadda T3 ke zubewa ƙasa a jinin yara masu tamowa, ya kuma tashi idan an ciyar da su. Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa wannan ragi rahama ce ta zo a 1979, lokacin da aka ba wasu masu irin wannan kame baki T3 daga waje domin a hana shi faɗuwa, sai aka ga fitsarinsu ya ƙaru da abin da ke nuna jiki yana cin naman kansa. Ashe da jikin ya rage wuta, tsokarsa yake karewa.

Mai karatu Musulmi zai tambaya game da azumi, kuma tambayar tana kan hanya. Azumin Ramadan, wanda ake yi daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, a yi sahur a yi buɗa-baki, ba ɗaya yake da barin abinci na kwanaki a jere ba, kuma kunun tsamiya da ƙosai da dabinon shan ruwa kaɗai sun haura giram hamsin ɗin nan; shi ya sa canjin da ake gani a jinin lafiyayyen mai azumi ƙanƙane ne. Wanda ya kamata ya nemi shawara shi ne mai shan ƙwayar tairoksin kullum, domin ana shanta ne ciki babu komai, da rabin sa'a ko sa'a guda kafin abinci, sai ya zauna da likitansa kafin ganin wata su tsara lokacin. Wanda na fi jiye wa, a gaskiya, shi ne leburan da ke azumin dole a watannin da ba na azumi ba. Ka tsaya a bakin wata masana'anta a Sharada da azahar ka ga mai garau-garau tana zuba shinkafa da wake a leda, ta ɗiga mai, ta barbaɗa yaji, ka ga namiji ƙato wanda tun asuba yake ɗaukar buhuna ya ce a sa masa rabin abin da ya saba saye, ya kora da ruwan leda ɗaya, ya koma ciki. Irin wannan, idan ya yi watanni a haka ya fara jin kasala da sanyin jiki, ba lalle ne wuyansa ke da laifi ba.

Amsa ta biyu ita ce ciwo mai tsanani. Tun a 1977 aka nuna cewa zazzaɓin cizon sauro yana saukar da T3 ya ɗaga juyayye, haka kuma tarin fuka, da ƙuna, da ciwon zuciya, da ciwon hanta, da babbar tiyata, da ciwon sukari idan ya rikice. Abu biyu ke haɗuwa: hanta mai jinya tana rage inzayim na farko, wanda shi ne mai yin T3 shi ne kuma mai share juyayye, sa'an nan inzayim na uku yana farkawa a wuraren da ba a saba ganinsa ba, kamar yadda likitocin Luven da Rotadam suka tarar a hanta da tsokar waɗanda suka rasu a ɗakin kulawa ta musamman, suka buga a 2003. Gwargwadon hawan juyayye, gwargwadon nauyin ciwon. Amma da Gregory Brent da Jerome Hershman suka gwada ba irin waɗannan majinyata tairoksin a 1986, bai ƙara musu tsira ba. Har yau malaman fannin suna da saɓani kan wanda ya daɗe a kwance, ko ragin nasa ya wuce haddi, amma sun yi ittifaƙi kan cewa asalin ciwon ake bi, kuma ba a yanke wa mutum hukuncin ciwon tayirod da jinin da aka ɗiba yana tsakiyar zazzaɓi. A bari ya warke da 'yan makonni a sake.

Akwai inda hikimar wannan tsari ta fi bayyana, shi ne cikin mahaifa. Ɗan tayi yana bukatar sinadarin uwarsa domin ginin ƙwaƙwalwa, musamman a watannin farko kafin tasa tayirod ta fara aiki, amma da zai samu gwargwadon abin da ke jinin babba da ya cutu, saboda haka mabiyiya cike take da inzayim na uku, tana tace abin da ke wucewa, shi ya sa ruwan mahaifa da jinin cibiya suke ɗauke da juyayye fiye da na baligi lafiyayye. A 2000 aka ba da labarin jarirai masu wani ƙari na jijiyoyin jini a hanta, wanda ke yin inzayim ɗin nan da yawa har ya cinye sinadarin da sauri fiye da yadda tayirod ke iya ƙerawa. Kwaɗi ma haka. A 1912 Friedrich Gudernatsch ya ciyar da 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya naman tayirod, suka rikiɗa kafin lokacinsu suka zama kwaɗi 'yan mitsi-mitsi. Waɗanda aka cire musu ita kuwa, a gwaje-gwajen da suka biyo baya, suka yi ta girma ba su rikiɗa ba. Yaron da ya tsuguna a bakin kududdufi da damina ya ga ƙafafun baya sun fara fitowa, sa'an nan na gaba, wutsiya kuma ba ta narkewa sai a ƙarshe, wannan tartibi yake kallo, domin wutsiyar tana kare kanta da inzayim na uku har sai ƙafafu sun isa iyo.

Zancen kwaɗi ya dawo da mu ruwan Kano. Wanda ya taɓa leƙa majemar zamani a Challawa ya ga manyan gangunan katako suna juyawa, ana jiƙa fata da farar ƙasa da sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai domin gashi ya zube, sa'an nan a jeme ta da gishirin kuromiyam ta fito shuɗiya-shuɗiya tana ɗiga, maimakon bagaruwar da majeman cikin birni suka gada. Ruwan da ke fita daga irin wannan aiki, da na rini da na robobi, yana bin rafin Salanta daga Sharada ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin rafin Getsi ya haɗu da na Jakara ya nufi madatsar Wasai, a hanya kuma masu lambu suna ban-ruwan latas da alayyahu da shi. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello sun sha auna kuromiyam da kadmiyam da darma a ruwan nan da ƙasar lambunan. Alaƙarsu da zancenmu ita ce, gwaje-gwaje a kan ɓeraye da kifi sun nuna kadmiyam da darma suna raunana inzayim na farko a hanta. Akwai kuma wani maganin hana fata fumfuna mai suna fentakulorofinol, wanda masana'antun fata na duniya suka daɗe suna amfani da shi; siffarsa zobe ce mai kama da zoben waje na T4, har yana ƙwace masa wuri a kan ɗaya daga furotin ɗin da ke dakonsa a jini, kuma a 2015 aka sa shi cikin jerin gubobin da Yarjejeniyar Istokholm ta hana, wadda Nijeriya na cikin masu sa hannu a kanta.

Adalci ya hana a ɗauki hujjar da aka samu a jikin ɓera a ɗora wa wani kamfani alhakin wuyan wani mutum. Amma hanyar tabbatarwa tana nan, ba ta kuma fi ƙarfinmu ba. Tun 2009 ƙasashe masu masana'antu suka amince da wani gwaji na kwana 21, inda ake renon 'ya'yan wani kwaɗon Afirka a cikin ruwan da ake tuhuma, a duba ko rikiɗarsu ta yi jinkiri ko ta yi gaggawa, a kuma duba tayirod ɗinsu. Aiki ne da ya dace da ɗaliban kimiyyar halittu na jami'o'inmu, hukumar NESREA kuma, wadda aka kafa a 2007 domin tsare dokokin muhalli, ita ya kamata ta riƙa nemansa daga kowace unguwar masana'antu shekara-shekara.

Game da aidin kuwa, Nijeriya ta yi abin yabo. A 1993, lokacin da kimanin kashi 20 cikin ɗari na yaran da aka duba ke da maƙoƙo, aka wajabta sa aidin a gishirin ci, a 2005 kuma ƙasar ta zama ta farko a Afirka da aka shaida ta cika sharaɗin. Baligi yana bukatar maikirogiram 150 a yini, mai ciki da mai shayarwa 250. Sai dai gishirin da ake sa wa fatu a majema ba na miya ba ne, duk arharsa, kuma gishirin da aka bari a buɗe cikin rana da laima yana rasa aidin ɗinsa. Rogon da ba a jiƙa aka shanya da kyau ba yana hana tayirod kamun aidin, gero ma an nuna a Darfur yana da ɗan irin wannan tasiri inda aidin ya yi ƙaranci, amma maganin wannan gishiri mai kyau ne, ba wanda zai ce Bahaushe ya bar fura. Siliniyam kuwa ana samunsa a kifi da ƙwai da hanta da nama, kuma kada a yi gaggawar sayen ƙwayarsa: a arewacin Kwango, inda ma'adinan biyu suka yi ƙaranci tare, da aka ba da siliniyam kafin aidin sai halin wasu majinyata ya ƙara taɓarɓarewa.

Saura abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wajen 1990 wata aƙida ta ɓullo a Amurka, cewa kasala da ƙiba da zubewar gashi duk laifin juyayyen T3 ne, wai yana toshe mazaunin ɗan'uwansa, maganin kuma a sha T3 ko busasshiyar tayirod. Ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta bincika ta ce babu hujja, ta kuma bayyana cewa auna juyayye ba ya taimakawa wajen gane ciwon tayirod ga mutumin da ke tafiya da ƙafafunsa. Wanda kamunsa bai kai ɗaya cikin ɗari ba, ga shi kuma kaɗan a jini, ba shi da ƙarfin korar kowa. Gaskiya ne an ga yana da wasu 'yan ayyuka a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa cikin kwalaben bincike, amma wannan bai kai matsayin magani ba. Duk da haka aƙidar ta shigo mana ta wayoyin hannu, tare da masu tallan ƙwayoyin rage tumbi. T3 idan ya yi yawa yana rikita bugun zuciya, ya zaizaye ƙashi, ya cinye tsoka. Busasshiyar tayirod da ake sayarwa a ƙasashen waje galibi ta alade ce, alhali tairoksin na asibiti haɗa shi ake yi a masana'anta, ba daga tayirod ɗin dabba ake samo shi ba. A ɗaya gefen kuma ga 'yan mata masu shan sha-ka-fashe daga kemis domin su yi jiki, wanda sau da yawa dekzametason ne, shi kuwa yana cikin magungunan da aka tabbatar suna saukar da T3 su ɗaga juyayye, ban da sukari da hawan jini da yake jawowa.

Saboda haka, ɗan'uwa ma'aikaci da 'yar'uwa uwar gida, idan kasala ta daɗe, ko wuya ya kumbura, ko zuciya tana dukan uku-uku ana ramewa ba dalili, a nufi Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a bar likita ya duba, ya rubuta gwajin TSH, wato sinadarin da ke ba tayirod umarni, da na T4, waɗanda su ne ma'aunin da aka dogara da shi. Kada a kashe kuɗin cefane kan gwajin juyayye, kada kuma a sha ƙwayar tayirod da bakin mai kemis. Masu kamfanoni kuma, abinci ɗaya mai rai a tsakiyar shifti, da safar hannu da takalmin roba ga mai aikin ganga, da tace ruwa kafin a sake shi cikin Salanta da Getsi, haƙƙi ne a wuyanku.